Kashi Casa'in da Bakwai

Ƙarfe biyu saura na dare, a Ikeja.
Ɗakin sanyi na gurnani ƙasa-ƙasa,
waje ruwa na dukan kwanon maƙwabta,
ciki ni kaɗai, da rigar sanyi a tsakiyar Legas,
da allon da ya rikiɗe ja:
kashi casa'in da bakwai ya cika.

Akwatin ƙarfe ne guda, bai wuce ƙuguna ba,
amma na'ura arba'in da ɗaya ke haya a cikinsa,
ba mai jiki, ba mai inuwa,
kowace na zaton gidan nata ne.
Ni na yanka musu ɗakuna a faifai.
Ni na ce wa kowace: giga ɗari biyar naki ne.
Yi lissafin da kanka.
Bakina ya ba da tera ashirin da ɗoriya,
hannuna na riƙe da sha biyu.

Ba ƙarya ba ce, in ji Madam Ibironke, dabara ce,
ba ranar da duka za su miƙe ƙafa tare.
Haka mai gidanmu na Agege ya ce
da ya ba mutum uku makullin ɗaki ɗaya:
mai gadin dare, mai shayin safe, direban tirela.
Sai Sallah ta zo,
kowa ya dawo da tabarmarsa.

To, yau ce Sallar.
Ƙarshen wata, kantin magani a Surulere na rufe littafi,
wata makaranta a Yaba na loda sakamako,
masu fiton kaya a Apapa
na zubo rasit kamar buhun gero ya ɓarke.

Babana, Malam Tanimu, shekara talatin
yana ajiyar albasa a kasuwar Mil Sha Biyu,
bai taɓa cika rumfa har rufi ba.
Albasa iska take so, yakan ce,
wanda ya cika maƙil, ruɓa ya saya.
Na ji da kunne.

Na bi ɗakunan ɗaya-ɗaya,
ashe ba 'yan hayar ne suka cinye wurin ba, hotunansu ne.
Kafin mu taɓa na'ura mukan ɗauke ta yadda take,
in gyara ya ɓaci a samu wurin komawa.
Sai mu manta.
Hoto ya haifi ɗa, ɗa ya kawo jika,
sha tara a jere, kowane na goye da na bayansa,
kakansu ɗauke da sunan da Chidubem ya raɗa masa
kafin ya ajiye aiki:
kar a taɓa.
Wata goma sha huɗu ke nan. Lambarsa ba ta shiga.

Ban taɓa ba
sai da na leƙa kwafin da ke kwana a Lekki, can hayin ruwa,
na tashe shi, na ga ya buɗe ido.
Ajiya maganin wata rana ce,
amma wadda ba ka gwada ba, labari ce kawai.
Sannan na yi bisimilla, na ce a haɗe su.

Kafin wuri ya buɗe sai ya ƙara matsewa.
Casa'in da takwas.
Wuta ta ɗauke, janareta ya yi tari biyu, ya kama.
Shayina ya yi fata.
Casa'in da takwas.
Na tuna mai kantin maganin da ban san fuskarsa ba,
yana barci a kan alkawarina.
Casa'in da takwas,

sai saba'in da ɗaya.

Da asuba na rubuta takardar neman faifai huɗu.
Na san amsar: dala ta hau, a jira wata mai zuwa.
Na aika duk da haka.

A danfon Agege kujerar mutum huɗu ce,
kwandasta ya buga ƙarfe, ya ce a matsa wa na biyar.
Kowa ya yi tsaki.
Ni dai na haɗe gwiwoyina,
ban ce masa komai ba.